Masu Yanke Kuɗin Binciken Ƙuda Ba Su San Jeffrey Hall Ba

Da gwamnatin Amurka ta soke tallafin binciken da take bai wa Jami'ar Harvard a 2025, abin ya rutsa da FlyBase, rumbun bayanan da masana ƙudan 'ya'yan itace a duk duniya ke dogaro da shi, har ya koma neman gudummawa. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu cewa ai ƙuda ne kawai. Wannan raini ya daɗe, domin tun a 2008 Sarah Palin, 'yar takarar mataimakiyar shugaban Amurka, ta yi wa binciken ƙuda ba'a a lokacin yaƙin neman zaɓe.

Ya kamata irin waɗannan mutane su duba rayuwar Jeffrey Hall, masanin kimiyya ɗan Amurka. Ya shafe shekaru a Jami'ar Brandeis yana nazarin yadda namijin ƙuda ke zawarcin tamata, yadda yake miƙe fiffike ɗaya yana kaɗa shi ya fitar da wani sauti da sai da na'ura ake jin sa sosai. Bibiyar wannan sauti ce ta kai shi ga ƙwayar gado mai suna period, wadda shi da Michael Rosbash suka ware a 1984, kamar yadda Michael Young ya yi a Jami'ar Rockefeller. Daga nan aka gano cewa sinadarin da take samarwa yana taruwa da dare ya ragu da rana tamkar agogo a cikin jiki, kuma irin wannan agogo ne ke tsara barcin ɗan Adam da zafin jikinsa da hawa da saukar jininsa. Su ukun sun karɓi kyautar Nobel a 2017, amma kafin nan Hall ya bar ɗakin bincike da kusan shekara goma, kuma ƙarewar tallafi na cikin dalilan da ya bayar. Wannan abin kunya ne.

Masu cewa a zuba kuɗi kan cututtukan mutane kai tsaye sun manta cewa kusan kashi 75 cikin 100 na ƙwayoyin gadon da ke da hannu a cututtukanmu suna da takwarori a jikin ƙuda, halittar da ke girma cikin kwana goma kacal. Babu wani kwamitin rabon kuɗi da zai iya hango maganar barci daga fiffiken ƙuda, kuma duk jami'in da ke da'awar ya san binciken da zai yi amfani tun kafin a yi shi, yaudarar jama'a yake yi.

Tunda duniya ce ke amfana da FlyBase, sai ƙasashe da dama su haɗa hannu su ɗauki nauyinsa na dogon lokaci, a raba shi da rikicin wata gwamnati da wata jami'a.