Ranar da Ofunato ta ajiye gwarzonta a benci

Ranar 25 ga Yulin 2019, a birnin Morioka da ke arewacin Japan, makarantar sakandaren gwamnati ta Ofunato ta fito wasan ƙarshe na gasar ƙwallon besbol ta makarantun lardin Iwate. Wasa ɗaya tak ya rage mata ta samu gurbi a gasar ƙasa ta Koshien, wadda rabonta da ita tun 1984. Tana kuma da abin da babu makarantar da ke da irinsa a ƙasar: Roki Sasaki, ɗan shekara 17, dogon yaro da aka auna gudun ƙwallon da ya jefa a watan Afrilun shekarar aka samu kilomita 163 a awa. Jama'a sun cika fili don su gan shi. Sai kocinsa, Yohei Kokubo, ya bar shi a benci. Bai yi jifa ba, bai riƙe sanda ba. Makarantar Hanamaki Higashi, wadda ta yaye shahararren ɗan wasan nan Shohei Ohtani, ta lallasa Ofunato da ci 12 da 2.

Da 'yan jarida suka tambayi kocin dalili, cewa ya yi tsoron rauni ne. Kiran waya ya yi ta shiga makarantar daga mutanen da ransu ya ɓaci. Tsohon tauraron wasan Isao Harimoto ya caccaki matakin a talabijin, Yu Darvish da ke wasa a Amurka kuma ya goyi bayan kocin. Ni ina tare da Kokubo, kuma ina ganin a cikin duk waɗanda suka yi fice a gasar Iwate ta shekarar, shi ne ya yi abin da ya fi wuya.

Ga wanda bai saba da wasan ba, nauyinsa kusan duka yana kan mutum ɗaya, mai jifa. Shi ke tsayawa a tsakiyar fili ya wurga ƙwallo da iya ƙarfinsa, mai sanda na ɗaya ɓangaren ya yi ƙoƙarin dukanta. Wasa turmi tara ne, in mun ari kalmar 'yan dambe, kuma kowace jifa tana jan jijiyar gwiwar hannu da kafaɗa fiye da yadda aka halicce su su ɗauka. Shi ya sa a gasar ƙwararru ta Amurka, da zarar babban mutum mai albashi ya doshi jifa 100 ake fara shirin cire shi, sannan ya huta kwana huɗu ko biyar. A Japan ƙwararren da ke buɗe wasa galibi sau ɗaya yake fitowa a mako. Ƙa'idar da hukumomin wasan na Amurka suka fitar a 2014 ta ce ɗan shekara 17 zuwa 18 kada ya wuce jifa 105 a rana, in kuma ya haura 80 ya huta kwana huɗu.

To a duba abin da Sasaki ya yi kafin wasan ƙarshen. Ranar 21 ga Yuli ya yi jifa 194 a wasan da ya kai turmi 12, ya fitar da masu sanda 21, wato ya sallame su da jifa ba su iya dukan ƙwallo cikin fili ba, shi ne kuma ya doki ƙwallon da ta raba gardama. Ranar 24 ya sake yin 129 a wasan kusa da na ƙarshe, ba a ci shi ko ɗaya ba. Washegari ake so ya koma. Yaro ne da ƙashinsa bai gama ƙwari ba, yana jifa da ƙarfin da manya ƙalilan ke kaiwa.

Fushin mutanen Ofunato ba daga sama ya faɗo ba. Koshien a Japan ya wuce wasa. An fara gasar a 1915, ta koma filin Koshien da ke Nishinomiya a 1924. Makarantu fiye da 3,000 ke shiga gasannin larduna kowace bazara, 49 ne kawai ke kaiwa can, kuma duk wanda aka doke sau ɗaya ya tafi gida. Tashar NHK tana nuna wasannin kai tsaye. Yaran da aka cire sukan durƙusa suna kuka suna ɗibar ƙasar filin a jaka. Babu wanda ake biya ko sisi. Ofunato kuwa gari ne na masunta da igiyar ruwan tsunami ta 2011 ta ɗaiɗaita. Shi kansa Sasaki a wannan bala'in ya rasa mahaifinsa da kakanninsa biyu a Rikuzentakata, yana ɗan shekara tara. Garin da ya ga irin wannan, in ya ɗora burinsa a kan yaransa, ba zan ga laifinsa ba.

Sai dai a duba irin gwarazan da wannan al'ada ta saba ɗagawa. A 1998 Daisuke Matsuzaka na makarantar Yokohama ya yi jifa 250 a wasa ɗaya mai turmi 17 da makarantar PL Gakuen, washegari ya shigo ya rufe wasan kusa da na ƙarshe, wanshekare kuma ya hana Kyoto Seisho samun duka mai kyau ko ɗaya ya ɗauki kofi. A 2006 Yuki Saito na Waseda Jitsugyo, yaron nan da ke share gumi da shuɗin hankici, ya yi turmi 15 a wasan ƙarshe aka tashi 1 da 1, aka maimaita washegari ya sake jefa wasan gaba ɗaya suka ci 4 da 3. Jifarsa a gasar ta kai 948. A gasar farkon shekara ta 2013 Tomohiro Anraku, ɗan shekara 16, ya yi 772 cikin kwana tara. Waɗannan alƙaluma a matsayin kirari ake faɗinsu. Yawan wahalar da yaro ya sha shi ne ma'aunin jarumtarsa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Kosei Yoshida, a 2018, gasa ta 100. Makarantarsa, Kanaashi Nogyo, ta gwamnati ce, ta koyon aikin gona a lardin Akita, inda ɗalibai ke kiwon aladu da noman shinkafa. Yara tara ne suka buga musu tun daga gasar lardi har ƙarshe, ba a canja ko ɗaya ba. Sun doke manyan makarantun kuɗi ɗaya bayan ɗaya, har da Yokohama, suka kai lardin Akita wasan ƙarshe karon farko tun 1915. Duk mai zuciya sai ya so su. Ni ma na so su. Amma Yoshida shi kaɗai ya yi kowace jifa tun daga wasan farko na lardi, kuma da ya iso wasan ƙarshe da Osaka Toin ƙafafunsa sun riga sun ƙi. An ci shi maki 12 cikin turmi biyar kafin a sauke shi, aka tashi 13 da 2. Jifa 881 a Koshien kaɗai. Ƙasar gaba ɗaya ta yi ta tafa masa, amma abin da aka gani a ranar yaro ne da aka tatse har ya ƙafe, manya suna kallo.

Akwai kuma wanda ba a cika ambata ba in ana jera gwaraza. Rin Ono na makarantar Okinawa Suisan ya shiga gasar 1991 da ciwo a gwiwar hannu. Ya yi jifa 773 a wasa shida, huɗu daga ciki a jere babu hutu, ya kai makarantarsa wasan ƙarshe. Bayan gasar aka gano ƙashin gwiwar ya tsage. Ya ci gaba da wasa a wani matsayi, har ya shiga ƙwararru, amma aikinsa na mai jifa a nan ya ƙare, yana ɗan sakandare.

Masu adawa da Kokubo suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Na farko sukan ce ai yaron da kansa yana so. Haka ne, kusan kowane yaro zai ce a ba shi ƙwallo. Ɗan shekara 17 da abokansa ke kallonsa, garinsu ke kallonsa, kyamara ke kansa, ba zai buɗe baki ya ce hannuna na ciwo ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin ƙwallon unguwa ya ga yaro ya ɗaure gwiwa da tsumma ya ce lafiyarsa ƙalau. Amfanin babba a wurin kenan, ya faɗi abin da yaron ba zai iya faɗa ba, ya kuma ɗauki zagin a madadinsa.

Na biyu sukan kawo Matsuzaka: ya yi 250, ya je Boston a 2007 ya ci kofin duniya na wasan, bai yi ritaya ba sai 2021. Gaskiya ne, ko da yake shi ma sai da aka yi masa tiyatar gwiwar hannu a 2011. Amma ba a gina doka a kan wanda ya tsira. Sunayen da muke ji na waɗanda suka kai filin Koshien ne. Gasannin larduna, inda dubban makarantu ke wasa a tsakiyar zafin Yuli babu kyamarar ƙasa, can ne mafi yawan hannaye ke aiki, kuma yaron da kafaɗarsa ta lalace a zagaye na uku a wani ƙaramin fili babu jaridar da za ta bi sawunsa.

Hujja ta uku ita ce mai nauyi, kuma na daɗe ina juya ta. Sauran yaran Ofunato fa? Mafi yawansu ba za su taɓa zama ƙwararru ba. Wannan rana ita ce ƙololuwar wasansu a duniya, sun yi shekara biyu da rabi suna atisaye dominta. An sadaukar da burin yara da yawa saboda makomar mutum ɗaya. Ƙari a kan haka, duk dokar da ta taƙaita jifa makarantun kuɗi take taimaka wa, domin su ke iya tara masu jifa daga ko'ina a ƙasar. Sendai Ikuei ta ɗauki kofin 2022, karon farko da ya je yankin Tohoku, da masu jifa biyar da ke karɓa-karɓa. Makarantar gona a ƙauye da Allah Ya ba ta yaro ɗaya mai baiwa ba ta da wannan gata. In an taƙaita, labari irin na Kanaashi zai yi wuyar maimaituwa.

Na yarda an yi asara, kuma yaran Ofunato ne suka biya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce maganin rashin daidaito tsakanin makarantu shi ne hannun ɗan talaka ya ɗauki abin da na ɗan makarantar kuɗi ba ya ɗauka. Ƙungiyar ƙwararru in ta lalata hannun ɗan wasa, aƙalla ta biya shi, akwai kwantiragi, akwai likitoci. A wasan da ba a biyan kowa, iyaye amanar ɗansu suka bai wa makaranta, abin da ke kanta kuma shi ne ta mayar musu da shi lafiya. Burin abokan wasa, komai girmansa, bai kai a biya shi da gaɓar jikin ɗayansu ba.

Shi ma Kokubo ina da abin da zan ce da shi. Wanda ya hana yaro jifa ranar 25 shi ne ya bar shi ya yi 194 ranar 21. Ɗalibin da aka miƙa wa ƙwallo a wasan ƙarshe kuma bai yi jifa ko ɗaya a gasar ba kafin ranar, sai ga shi gaban makaranta mafi ƙarfi a lardin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kocin da ya san ba zai ƙure gwarzonsa ba, tun farkon shekara ya kamata ya raba aikin, ya kuma zaunar da yaran ya gaya musu inda aka dosa. Amma kuskuren ranar 21 ba hujja ba ce ta a ƙara wani ranar 25.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Ƙungiyar Chiba Lotte ta ɗauki Sasaki, ta ƙi sa shi a wasan gasa ko ɗaya a 2020 don jikinsa ya ginu. Ranar 10 ga Afrilun 2022 ya buga cikakken wasa da ƙungiyar Orix ba tare da mai sanda ko ɗaya ya taka tushen farko ba, wato zangon farko da ake gudu zuwa bayan an doki ƙwallo, abin da rabon a gani a Japan tun 1994. Ya fitar da masu sanda 19, 13 a jere. Mako guda bayan haka ya sake yin turmi takwas a haka, kocinsa ya sauke shi a jifa ta 102. A 2025 ya koma ƙungiyar Los Angeles Dodgers ta Amurka. Ba na kafa hujja da wannan, domin ko a can ciwon kafaɗa ya ajiye shi watanni. Da Sasaki ya bar wasa ya koma kamun kifi a Ofunato, matakin kocin daidai ne, saboda an ɗauke shi ne bisa abin da ke gabansa da safiyar ranar.

Hukumar wasan makarantun ta motsa, amma tafiyar hawainiya take yi. Tun 2020 ta sa iyakar jifa 500 a mako. An ƙara ranakun hutu a Koshien, an kawo tsarin gaggauta raba gardama don kada wasa ya kai turmi 17, a 2023 aka sa hutun minti goma na shan iska a tsakiyar wasa. Sai dai a lissafa: 194 da 129 sun kama 323. Da dokar 500 tana aiki a 2019, da ta ba Sasaki izinin ƙara jifa 177 kwana ɗaya bayan ya yi 129. Hukumar lardin Niigata ta nemi sa iyakar 100 a wasa ɗaya tun Disambar 2018, hukumar ƙasa ta sa ta jingine. Shawarar Niigata ce ta fi kusa da gaskiya. Ana buƙatar iyaka ta rana, da hutun dole bayan kowane wasa mai nauyi, da jadawalin lardi da aka shimfiɗa yadda wasan kusa da na ƙarshe da na ƙarshe ba za su zo a jere ba. Ƙananan makarantu ma jadawali mai sarari ya fi yi musu amfani, domin gwarzonsu ɗaya zai samu hutun da zai fito a manyan wasanni. Muddin ba a yi haka ba, hukuncin zai ci gaba da faɗawa kan malamin makaranta ɗaya, kamar yadda ya faɗa kan Kokubo yana ɗan shekara 32, gari guda na jiran ya miƙa wa yaro ƙwallo.