Layi mun gani, ina ɗigon?

Wallahi tun jiya abin da ya faru a taron masu albasa nan Tawa yake ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro ya taso daga Yamai da kwamfuta a hammata, ya haska mana wani jan layi a bango, wai ga hujjar kimiyya: duk buhun takin zamani da ka ƙara, albasa ta ƙaru. Ya ce ma'aunin alaƙar taki da albasa 0,9 ne, kusa da 1 da ke nufin cikakkiyar alaƙa. Aka yi ta tafi. Tafin me?

Na ɗaga hannu na ce, ɗana, layi mun gani, ina ɗigon? Kowace garka ai ɗigo ɗaya ce, takin da aka zuba a kwance, albasar da aka kwasa a tsaye. Ya ce ya cire su ne don hoton ya yi tsabta. Tsabta! Ka kori shaidu daga kotu sannan ka karanta mana hukunci.

Bayan la'asar na karɓi lambobin nasa, na yago takarda mai gida-gida daga kayen jikata, na ɗiga su da bik. Garka shida ce kacal. Biyar sun dunƙule wuri ɗaya kamar kashin awaki, wadda ta fi shan taki a cikinsu ma ba ita ta fi bayarwa ba. Ta shidan tana can ƙurya ita kaɗai, ta wani Alhaji ce mai injin ban-ruwa biyu da rijiyar da ba ta ƙafewa. Na ɗora babban yatsa a kanta, layin ya ɓace ɓat. Ashe garka ɗaya ke jan layin kamar raƙumi da akala. Kuma wa ya ce taki ne ya yi aikin, ba ruwa ba?

Kada wani ya zo mini da "ai Mushe, kwamfuta ba ta kuskure". Eh, ba ta yi. Dabarar da take bi tun 1805 wani Bafaranshe, Legendre, ya wallafa ta: a auna tazarar kowane ɗigo daga layi, a ninka ta da kanta, a tara, a zaɓi layin da jimillarsa ta fi ƙanƙanta. Ko tsakuwa ka watsa a faranti, Excel, manhajar lissafin kwamfuta, zai ja maka layi, bai san kunya ba. A 1973 wani masanin ƙididdiga ɗan Ingila, Anscombe, ya tsara rukuni huɗu, kowanne ɗigo 11, layinsu ɗaya, ma'aunin alaƙarsu kusan 0,82 duka. Da aka zana, ɗaya ya lanƙwasa kamar baka, wani kuma ɗigo goma ne a jere tsaye, ɗaya tilo can nesa. Garkar Alhaji ke nan sak.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ya miƙa layin har buhu goma, alhali ba wanda ya zuba fiye da biyar. Duk wanda ya taɓa noman albasar Galmi ya san in ka cika mata taki, ganye take yi, wuyanta ya yi kauri, ta ruɓe a rudu kafin farashi ya tashi. Manomi da zai ci bashi a kan maganarka, ba ka bin sa komai, shi ke bin ka gaskiya. Ni ba ƙin yaron nake ba, Allah ya sani, da ladabinsa. Amma a nuna mana ɗigon. Ɗigon!

Af, wanda ya ari jan bik ɗina a wurin taron, don Allah ya aje shi wajen mai shayin fadarmu. Na uku ke nan a watan nan.