Ku daina toshe bakin pam_keyinit

Akwai wata shawara da ta zama ruwan dare tsakanin masu kula da sabar Linux, kuma ta ishe ni. Mutum ya bar aiki yana tafiya cikin tmux, manhajar da ke riƙe aiki ko mai shi ya tafi, ya fita daga SSH, hanyar shiga sabar daga nesa, da safe ya tarar aikin ya tsaya domin an soke makullinsa na Kerberos, tsarin tantance masu shiga. Sai wani gwani ya ce masa ya buɗe /etc/pam.d/sshd, fayil ɗin ƙa'idojin shiga ta SSH, ya sa # a gaban layin pam_keyinit.so don ya kashe shi. Aiki ya tashi, kowa ya ji daɗi.

Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Tun 2004, da sigar 2.6.10, kanel, wato zuciyar Linux, ke da ma'ajiyar makullai, aikin David Howells na Red Hat. Layin nan da ake rainawa shi ke ƙera wa kowace shiga sabon zoben makullai nata. Kalmar force da ke kan layin ta ce a sauya zoben ko da an tarar da wani, revoke kuma ta ce a soke shi idan mai shi ya fita. Soke makullin da ya ba ka haushi, ai abin da aka ɗora layin ya yi ke nan.

To idan ka cire shi fa? A Linux duk aikin da wani aiki ya tayar yana gadon zobensa, kamar ɗa da uwarsa. Mai shiga zai riƙe zoben da sshd, manhajar da ke karɓar masu shiga ta SSH, ke riƙe da shi, na bayansa ma haka, kuma a ƙa'idar kanel riƙe zobe kaɗai yana ba da iko a kan abin da ke rataye a jikinsa. Makullin ɓoye fayiloli na eCryptfs ko na shiga fayilolin wata na'ura na CIFS da mutum ɗaya ya rataya sai ya kwana inda hannun wani zai kai. Buga umarnin keyctl show daga asusu biyu ka kwatanta lambar zoben, ka ga abin da idonka.

Masu cewa ai sabarsu mutum ɗaya ke shiga, su jira ranar da za a ɗauki na biyu.

Abin takaicin, maganin ya daɗe a ajiye. Tun sigar 3.13 akwai zobe mai ɗorewa da ba ya mutuwa da fitar mutum, Kerberos kuma ya san shi da KEYRING:persistent. Aikin da zai kwana, can ya kamata makullinsa ya zauna. Masu haɗa rabe-raben Linux ma da laifinsu: sun lafta wa layin optional, wato ba dole ba, ko ya gaza ba mai jin ƙararsa.