Tsofaffin ƙananan jiragen sama: a rataye su ko a bar su su tashi?

Duk lokacin da wani tsohon ƙaramin jirgin sama ya faɗi a wajen taron baje koli, sai a ji masu cewa ya kamata a hana irin waɗannan jirage tashi, a kai su gidajen adana kayan tarihi kafin su ƙare. Na fahimci damuwarsu, amma a ganina zaman banza ya fi haɗari cinye waɗannan jirage, kuma mafi yawansu tashin ne yake raya su.

Mu ɗauki Piper J-3 Cub, wanda aka ƙera kusan guda 20,000 a Amurka tsakanin 1938 da 1947, ko Tiger Moth na kamfanin de Havilland da ya fara tashi a Ingila a 1931, wanda a kansa dubban matuƙa suka koyi tuƙi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Gangar jikinsu bututun ƙarfe ne da aka lulluɓe da yadi, fukafukan Tiger Moth kuwa katako ne aka haɗa da gam. Idan aka jingine irin wannan jirgi shekara da shekaru, danshi yakan taru a cikin bututun wajen wutsiya har tsatsa ta ci shi ta ciki ba tare da kowa ya gani ba, gam ya saki, ɓeraye su yi sheƙa a cikin fiffike, injin da ba a tayarwa kuma man ya tsane daga jikin ƙarafansa su fara lalacewa. Jirgin da ke tashi kuwa doka ta wajabta a duba lafiyarsa duk shekara, don haka akwai idon da yake bin waɗannan wurare kafin ɓarna ta yi nisa.

Abin da ya fi damuna shi ne ilimin da ke hannun mutane. Ɗinke yadi a jikin haƙarƙarin fiffike, da ɗaure wayoyin da ke riƙe fukafukai biyu daidai gwargwado, da tayar da inji ta hanyar juya farfela da hannu, duk sana'o'i ne da ake koya a gaban gwani, kuma gwanayen nan tsufa suke yi. Matuƙar babu jirgin da zai tashi, babu dalilin da zai sa matashi ya zauna ya koya. Wannan ne ya sa nake girmama tsarin cibiyar Shuttleworth da ke Old Warden a Ingila, inda har yanzu suke tayar da Blériot XI na 1909, jirgi mafi tsufa a duniya da yake iya tashi, ko da yake ɗan tsalle kawai yake yi a kan fili idan iska ta kwanta.

Ban ce kowane jirgi ba. Wanda ba shi da na biyu, kamar Spirit of St. Louis da Charles Lindbergh ya tsallaka Tekun Atlantika da shi a 1927, rataye shi a gidan tarihin Smithsonian shi ne daidai. Amma Cub ɗin da ake da dubbansa, asarar guda ɗaya, in dai an tsira da rai, ba ta shafe tarihinsa.

Barazanar gaske tana wajen kuɗi da man fetur. Kayan gyara sun yi wuya, kuɗin inshora da hayar rumfa suna hawa, magada da yawa kuma ba su da lasisin tuƙi, sai jirgin mahaifinsu ya zauna a kulle har gyaransa ya fi ƙarfin darajarsa. Ga kuma man ƙananan jiragen sama da ake kira 100LL, mai ɗauke da dalma, wanda hukumar sufurin sama ta Amurka take son a daina amfani da shi zuwa ƙarshen 2030. Cire dalmar alheri ne ga lafiyar jama'a, kuma ƙananan injuna irin na Cub suna iya aiki ba tare da ita ba, sai dai wajibi ne a gwada sabon man a kan tsofaffin robobi da tankuna kafin a janye tsohon. A Ingila, ƙungiyar Light Aircraft Association tana bai wa masu tsofaffin jirage damar yin gyara da hannunsu a ƙarƙashin kulawar sufeto, abin da ya rage tsada sosai, kuma ina ganin hukumomin jiragen sama na sauran ƙasashe ya kamata su yi koyi da wannan tsari.