Injiniyoyin Zariya, ku ajiye tsintsiya ku duba mana katanga

Hotunan sun sake zagayowa a WhatsApp da Facebook, kamar yadda aka saba duk lokacin da masu sana'a suka shiga makon bikinsu. Injiniyoyi ne reras, kowa da farar hular kwano da riga mai ƙyalli, wasu riƙe da tsintsiya suna share bakin titi, wasu sun jera katan-katan na taliya da buhunan shinkafa a ƙofar gidan marayu. A ƙasan hoton an rubuta wai hidimta wa al'umma ke nan. Ba a jima ba sai ga sanarwar bita a otal: a biya kuɗin rajista, a zauna wuni guda, a karɓi takardar shaida da makin da ake ƙirgawa wajen sabunta lasisi. Wannan kuma wai shi ne ci gaban sana'a. An sallami jama'a da taliya, an sallami sana'a da satifiket, kowa ya kama gabansa sai baɗi.

Da a wani gari ne da na kawar da kai. Amma a Zariya? Garin da Jami'ar Ahmadu Bello ke yaye injiniyoyi tun kafuwarta a 1962, garin da ke da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama tun 1964, ga Cibiyar Fasahar Sufuri da Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai a Basawa, ga Cibiyar Fasahar Fata a Samaru, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Ka tsaya a Kwangila da yamma ka ƙirga motocin da ke haurawa Samaru, da wuya goma su wuce ba ka ga injiniya ko malamin injiniyoyi ba. Duk da wannan tarin ilimi, da zarar ruwan Agusta ya sauka, lambatu a Sabon Gari da Tudun Wada sai ya tumbatsa ya shiga shaguna, kwalbatin cikin unguwa ya rufta a jefa masa tsohuwar taya da reshen darbejiya don masu babur su gane, 'yan ga-ruwa kuma na nan suna tura kurarsu kamar ba a taɓa karanta ilimin ruwa a garin ba.

Ba ina raina sadaka ba ne. Maraya ya ci shinkafa, Allah Ya ba da lada. Sai dai shara da rabon taliya aiki ne da ƙungiyar direbobi ko 'yan kasuwar Sabon Gari za su iya, wataƙila ma su fi iyawa, don sun fi kuɗi a hannu. Abin da injiniya ke da shi wanda sauranmu ba mu da shi, ido ne: ya dubi tsaga a jikin bango ya gane ta filasta ce ko tushe ne ya zauna, ya taɓa waya ya san ta yi wa lodin da ke kanta kaɗan. In ya bar wannan a ofis ya fito mana da tsintsiya, ya zama ungozomar da ta tarar da mace a kan gwiwa, ta wuce madafa ta kama wanke-wanke.

Babu ɗan Zazzau da ya manta da Juma'ar 11 ga Agusta, 2023, ranar da wani sashe na Masallacin Juma'a na ƙofar fada ya rufta a kan masu sallar La'asar, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙan su da rahama. Ginin nan Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya yi shi a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, kuma masana gine-gine daga ƙasashen duniya sun daɗe suna zuwa kallon bakan gizonsa. Mai Martaba Sarkin Zazzau ya shaida wa manema labarai cewa an ga tsaga a jikin ginin kwana ɗaya kafin faruwar abin, ana kuma shirin kawo injiniyoyi. Ƙaddara ta riga fata, babu mai ja da wannan. Tambayata ga masu sana'ar ce, ba ga fada ba: me ya sa sai an ga tsaga, an aika a kira ku? Me ya hana ya zama al'ada, duk watan Afrilu kafin ruwa ya sauka, ku raba kanku ku zaga masallatai da makarantun allo da tsofaffin zaurukan cikin birni, daga Kwarbai zuwa Kusfa da Ƙofar Gayan, ku duba ku rubuta abin da kuka gani?

Ginin ƙasa ba ya faɗuwa haka kawai, sai ya daɗe yana ba da sanarwa. Indararo ya toshe ruwa ya kwanta a kan rufi, gara ta cinye kan azara inda ya shiga bango, gindin katanga ya riƙa shan ruwan kwata yana zaizayewa. Ga kuma ɓarnar da muke yi da hannunmu muna ganin gyara ne: mu shafe bangon tubali da siminti. Iyayenmu da makuba suke yaɓe, suna sabunta shi, bango yana shan iska yana bushewa. Siminti kuwa in ya tsage ruwa ya shiga bayansa, ba ya fita, sai ƙasar ta jiƙe ta ruɓe a ɓoye alhali fuskar bango na nan sumul. Wannan bayanin minti biyar ne, amma mai unguwa nawa aka taɓa zaunarwa aka yi masa shi?

Sabon gini ma bai tsira ba. Ku tuna makarantar da ta rushe a Jos ranar 12 ga Yuli, 2024, yara na cikin aji, aka rasa fiye da mutum 20. Ku tuna benen Ikoyi a Legas mai hawa 21 da ya zube a Nuwamban 2021. Duk lokacin da irin haka ta faru ƙungiyoyin injiniyoyi kan fitar da takarda su ce laifin 'yan ka-ci-ka-ci ne da ba su da rajista, kuma sau da yawa gaskiya suka faɗa. To amma wa ya bar musu filin?

Na tsaya kallon zuba dakin, wato rufin kankare, a wata islamiyya da jama'ar unguwa ke ɗora wa bene da kuɗin karo-karo. Ranar Asabar ce, matasa sun fito aikin gayya, ana ta kabbara ana miƙa kwanon kankare hannu da hannu. Abin sha'awa, wallahi. Amma mai kwaɓi da shebur yake awo, in kwaɓin ya yi masa tauri sai ya ce yaro ya ƙaro ruwa don ya yi saurin bin katako. Rodin kwance yake a kan katakon, babu ɗan abin da aka ɗaga shi da shi, wato in an cire katako ƙarfen zai fito fili ya kama tsatsa. Birkila ya ce mako guda za a cire tokara saboda an yi hayar katakon ne. Ba wanda ya yi mugunta a wurin, kowa lada yake nema. Kawai babu wanda ya gaya musu cewa awon da aka saba shi ne 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, cewa yawan ruwa kashe ƙarfin kankare yake yi, cewa ana shayar da shi aƙalla kwana 7 kuma sai ya kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfinsa. A wannan layin akwai gidajen injiniyoyi, na san da haka domin ana kiransu da laƙabin a masallaci. Yara ɗari da wani abu za su zauna a ƙarƙashin wannan dakin suna karatu.

Haka zancen ruwa. Shiga unguwannin bayan gari, Hayin Dogo ko Dogarawa ko Tudun Jukun, ka ƙirga tankunan da ke tsaye a kan ƙarfe da allon sunan wanda ya bayar, ka buɗe famfon ka ji ko ɗigo. Galibi ba rijiyar ce ta ƙafe ba. Ƙurar hunturu ta lulluɓe farantan sola ba mai gogewa, ko wata waya ta saki, ko an bar injin yana ja babu ruwa har ya ƙone, ko wani ƙaramin abu a akwatin sarrafa wuta ya mutu. Aikin awa biyu ne ga wanda ya karanta lantarki, amma sai rijiyar miliyoyin naira ta shekara a mace ana jiran ɗan siyasar da zai zo ya haƙa wata kusa da ita. A cikin gida kuma ga rijiya ga shadda, taku biyar tsakaninsu, alhali shawarar da masana tsaftar ruwa suka saba bayarwa ita ce a bar tazarar kamar mita 30. Filayenmu ba su kai haka ba, gaskiya ne, shi ya sa ake buƙatar wanda zai ce ga inda ƙasa ta gangara, ga yadda za a ɗaure bakin rijiya, ga yawan sinadarin da za a zuba. In amai da gudawa ya ɓarke sai mu ce aikin likita ne.

Yanzu mu dawo kan bitar otal, don a nan ne abin ya fi ba ni haushi. Hukumar COREN mai yi wa injiniyoyi rajista, da aka kafa da doka a 1970, da Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya da ta samo asali tun 1958, sun yi daidai da suka ce karatun injiniya ba ya ƙarewa ranar da ya karɓi digiri, dole ya riƙa ƙaro sani. Manufar ba ta da aibu. Abin da muka mayar da ita ne abin kunya. A shigo ƙarfe goma sha ɗaya, a sa hannu a takardar halarta, a saurari muƙala kan birane masu amfani da fasahar zamani da misalan Dubai da Singafo, a ci shinkafa da kaza, a ɗauki hoto. Wani ma direbansa yake aikowa ya karɓo masa satifiket. Mutum ya tara maki fal, bai ƙaru da komai ba sai tumbi. Wanda kuwa ya kwashe Asabar huɗu yana auna gangaren lambatun unguwarsu, ya gano inda ruwa ke komawa baya, ya zana gyaran, ya tsaya aka yi, wa zai tsaya masa a rubuta wannan a matsayin ƙarin sani? Tsakani da Allah, cikin su biyun wa ya ƙaru?

A 2023 aka karɓi Najeriya a matakin wucin gadi cikin Yarjejeniyar Washington, wadda ƙasashe ke amincewa da digirin injiniyancin juna a ƙarƙashinta, aka yi ta murna. Ma'aunin wannan yarjejeniya shi ne abin da ɗalibi zai iya yi da ilimin, har da sanin tasirin aikinsa a kan jama'a. Ban ga yadda za a nemi wannan daga ɗalibi ba, a bar malaminsa da manyan sana'a suna tara takardun zaman otal.

Waɗanda suka fi cutuwa su ne matasan. Yaro ya gama jami'a a Samaru, ya yi bautar ƙasa yana koyar da lissafi a wata sakandare, ya dawo gida yana sayar da data. Kafin a yi masa rajista ana son ya nuna shekarun gogewa da rahoton ayyukan da ya sa hannu a ciki. Ina zai samo su? Kamfanonin ba sa ɗauka sai mai gogewa, gogewar ba ta samuwa sai an ɗauka. Ƙarshenta sai a ari rahoton wani a sauya suna, kowa ya san ana yi. Alhali ga aiki nan jibge a ƙofar gidansu. Da babban injiniya mai hatimi zai ɗauki irin waɗannan yara biyar, ya ba su rijiyoyin mazaɓa guda su bincika, ya duba lissafinsu ya sa hannu, da sun sami rahoton gaskiya, sun koyi magana da mai unguwa da birkila, abin da ba a koyarwa a aji. 'Yan matan da suka karanta fannin kuma su ne za su iya shiga cikin gidaje su ga rijiya da wayarin ɗakin girki, inda namiji ba zai wuce zaure ba.

Masu cewa aikin kyauta zai karya darajar sana'a su gaya mana yaushe kwamitin islamiyya ya taɓa zama kwastomansu. Masu cewa aikin gwamnati ne, to su zauna su jira ta, ga kujera. Akwai masu tsoron in sun ba da shawara abu ya lalace a kama su. A rubuta shawarar a takarda, shugaban kwamiti ya sa hannu ya karɓa, ai wannan ma yana cikin abin da ake koyo. Su kuwa masu cewa ba lokaci, mun ga lokacin da suke samu na ɗinkin anko da daren karramawa, inda ake miƙa wa ɗan kwangilar da titinsa ya farfashe lambar yabo.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. A ware wani kaso na makin shekara a ce ba ya samuwa sai da aikin ido da hannu a cikin al'umma, da rahoto mai shaidar mai unguwa. Reshen ƙungiya na Zariya ya raba unguwanni tsakanin mambobinsa, sassan jami'a da na kwalejoji su ba da ɗalibai da kayan awo, a haɗa da magina da masu wayarin da masu walda, tunda dokar COREN ɗin ma ta san da zamansu. Yadda za a tsara sauran, su ne masu lissafi, su zauna su fitar. Kuɗin riguna da hulunan hoton bana kaɗai sun isa sayen man babur ɗin da za a zaga makarantun islamiyyar Tudun Wada da Gyallesu kafin watan Mayu, a liƙa sakamakon a ƙofar kowace makaranta iyaye su karanta.