Haƙori mai zugi da ruwan sanyi: man goge baki, shafe ko ciko?

Idan ruwan sanyi ko iskar hunturu ta taɓa haƙori ka ji zugi ya tsarga, sannan ya ɗauke nan take, galibi ɓawon haƙorin ne ya zaizaye ko dasashi ya ja baya. Abin da ke ƙarƙashi cike yake da ƙananan kafofi masu kaiwa ga jijiya. Magani kuwa hanya biyu yake bi: a toshe kafofin, ko a lallaɓa jijiyar.

A ganina da man goge baki ya kamata a fara. Mai ɗauke da sinadarin potassium nitrate kashi 5 cikin 100 jijiya yake kwantarwa, amma sai an jure mako 2 zuwa 4, safe da dare, kafin a ji sauƙi. Mai sinadarin stannous fluoride ko arginine kafofin yake liƙewa, ya fi saurin kamawa. Inda ake ɓata aikin shi ne kurkure baki da ruwa bayan an goge. Tofar da kumfar kawai. Kafin barci dangwali man kaɗan da yatsa ka murza a wuyan haƙorin, wato inda ya haɗu da dasashi, na minti ɗaya. Ka daina, zugin ya dawo.

Wata guda babu canji? Likitan haƙori zai shafa maka fluoride mai ƙarfi. Minti kaɗan ne, ba allura, sai dai yana gogewa, ana maimaitawa bayan wata 3 zuwa 6. Idan wuyan haƙorin ya yi kwarmi, ciko ne gyaransa, ya kuma fi daɗewa. Cire jijiya sai komai ya faskara. Cire haƙori saboda wannan kuwa asara ce.

Duk wannan banza ne muddin ana dirzar haƙori da buroshi mai tauri, ko da gawayi da toka wai don ya yi fari. Haka goge baki da zarar an sha tsamiya ko lemon kwalba. A jira kamar awa ɗaya. Kanumfari yana ɗan kashe zafi, amma ba ya rufe komai, mansa ma yana iya ƙona dasashi.

Zugin da ke daɗewa bayan sanyin ya wuce, ko mai tashinka cikin dare, ko haƙori ɗaya mai zafi idan ka ciza, wannan kogo ne ko tsagewa ko jijiya ta kumbura. Man goge baki ba zai taɓa shi ba, a je asibiti a duba.