Matambayi A Birnin Riyad

BAKANO: Malam, ka mayar da wayar nan aljihunka. Ni da na yi aikin Hajji sau tara, Umra kuwa na daina ƙirgawa, ba za a ce waya ce za ta nuna mini hanya a Saudiyya ba.

BAZAZZAGI: Alhaji, Hajjin nan tara duk a Makka ka yi su, kuma tsakanin Makka da Riyad akwai tafiyar fiye da kilomita 800. Can Hijaz ce, nan kuwa tsakiyar Najadu muke.

BAKANO: Sarkinsu ɗaya ne ko ba ɗaya ba ne?

BAZAZZAGI: Ɗaya ne.

BAKANO: Kuɗinsu riyal ne ko ba riyal ba ne? To, ƙasa ɗaya ce, kuma na san ta ciki da bai.

Suna tsaye ne a ƙofar masaukinsu da ke Batha, tsohuwar cibiyar kasuwancin birnin, za su amsa gayyatar abincin rana a gidan wani dillalin dabino da Alhaji ya sani da suna Abu Abdullahi, can unguwar Malƙa a arewacin gari. Mutumin ya turo taswirar gidansa ta waya har sau uku, ya haɗa da gajeren adireshin nan na ƙasar mai haruffa huɗu da lambobi huɗu, amma Alhaji bai buɗe ko ɗaya ba, domin a ganinsa duk wanda ya turo maka taswira ya ɗauke ka baƙauye ne.

BAKANO: Da bakinsa ya yi mini kwatance a Madina. Ya ce gida ne mai katanga ruwan ƙasa, da dabino biyu a ƙofa, kusa da masallaci. Abin da ya rage kuwa, matambayi ba ya ɓata.

BAZAZZAGI: To, mu hau jirgin ƙasan nan na cikin gari da aka buɗe a watan Disamba na 2024. Layuka shida gare shi, tsawonsu kilomita 176, tikitinsa riyal 4 kacal, kuma babu direba a ciki, na'ura ce take tuƙa shi.

BAKANO: Babu me?

BAZAZZAGI: Babu direba.

BAKANO: Kai da ka gaji da duniya sai ka shiga. Jirgin da ba shi da direba, idan ya wuce da ni inda zan sauka, wa zan yi wa faɗa? Tsayar mana da tasi, bawana.

BAZAZZAGI: Bawa ne yake biyan kuɗin mota, ranka ya daɗe, saboda haka yau za a san bawa a cikinmu.

Allah ya haɗa su da direba mutumin Sudan, ɗan garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, jikan Hausawan da suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda Hausarsa ta fi ta wasu masu karanta labarai tsabta.

DIREBA: Sannunku da zuwa, ya Hajji. A turo mini wurin a waya.

BAKANO: Ni ne wayar. Ka miƙe arewa, idan mun isa zan gaya maka.

Direba ya dubi Bazazzagi ta madubi, Bazazzagi ya dubi rufin mota, sai aka kunna mita. Suka hau titin Sarki Fahad, gine-gine suna wucewa, har suka zo daidai dogon benen nan mai ƙatuwar kafa a samansa.

BAKANO: Allah sarki, har yanzu ba su ƙarasa wannan ginin ba.

BAZAZZAGI: Alhaji, wannan shi ne Burjul Mamlaka, tsayinsa mita 302, kuma tun 2002 aka gama shi. Kafar da kake gani ado ce, da gangan aka bar ta, har ma akwai gada a can ƙololuwa da mutane suke hawa su kalli gari.

BAKANO: Kuɗi ne suka ƙare musu. Ni ɗan kasuwa ne, na san ginin da mai shi ya karye yana tsakiyar aiki, sannan ya fito ya ce wa jama'a ado ne.

Da suka shiga titin Anas bin Malik, Alhaji ya hango wani masallaci a ɗaya hannun, ya bugi kafaɗar direba.

BAKANO: Ga shi can! Juya nan, juya nan!

DIREBA: Ba a juyawa a nan, ya Hajji, sai mun yi gaba mun sami mahaɗa. Kyamarorin Sahir suna ko'ina, kafin mu isa gida saƙon tara ya riga ya shigo mini waya.

BAKANO: Idan sun tsayar da mu ni zan sauka in ba su haƙuri. Ka ce musu babban mutum ka ɗauko.

DIREBA: Babu mai tsayar da mu. Kyamara ce a kan sanda.

BAKANO: To wa ake ba na goro?

DIREBA: Ba a ba kowa.

BAKANO: Ka ji ƙasar da babu tausayi.

Ya faɗi haka ne da baƙin ciki na gaskiya, irin na mutumin da ya shekara arba'in yana warware matsalar hanya da takarda guda a naɗe cikin tafin hannu, yau kuma aka ce masa wannan ilimin ba ya aiki.

Suka shiga unguwar da azahar ta gota, ma'aunin zafi na mota yana nuna 44. Layi na farko gidaje goma sha biyu ne, kowanne da doguwar katanga ruwan ƙasa wadda ko mai tsayin raƙumi ba zai leƙa ba, kowanne da ƙofar ƙarfe a rufe, kowanne da dabino biyu, in ban da wani mai rowa da ya shuka ɗaya. Layi na biyu ma haka. A ƙarshen kowane layi na uku kuwa akwai masallaci.

BAZAZZAGI: Alhaji, wanne ne daga ciki?

BAKANO: Kada ka gaggauta ni. Sun kwaikwayi gidan abokina ne, domin shi ya fara gini a nan.

BAZAZZAGI: Ba kwaikwayo ba ne, tsari ne. Wani masanin tsara birane ɗan ƙasar Girka mai suna Doxiadis shi ya zana wa Riyad taswira a farkon shekarun 1970, ya yanka garin gida-gida, kowane yanki kilomita biyu tsawo, kilomita biyu faɗi, manyan tituna suka kewaye shi, kuma a kan wannan salon garin ya ci gaba da miƙewa arewa. Dabinon nan ma da kake kafa hujja da su, ruwa mai yawa a garin nan daga teku ake tace shi a garin Jubail da ke bakin tekun gabas, a turo shi ta bututu fiye da kilomita 400.

BAKANO: Malam, na tambaye ka tarihin ruwa? Wannan shi ne ciwon Zage-zagi, a tambaye su hanya su ba ka lacca. Direba, tsaya in sauka in tambayi mutanen unguwa.

Ya sauka, ya gyara babbar riga, ya duba gabas, ya duba yamma. Babu mai shayi, babu mai kanti a bakin layi, babu dattawa a gindin bishiya, babu ko yaro ɗaya da za a aika cikin gida a ce ana sallama. Mutanen unguwar daga ɗaki mai sanyi suke shiga mota mai sanyi, ƙofar gareji ta buɗe da kanta ta rufe da kanta, kuma wanda ya tsara titunan bai yi zaton wani ɗan Adam zai taka su da ƙafa ba. Abin da Alhaji ya samu mai rai shi ne kyanwa a ƙarƙashin wata mota, ita ma ba ta ɗaga kai ba. Can sai ga wani mai shara ɗan Bangaladash ya ɓullo, ya naɗe fuska da ƙyalle.

BAKANO: Yauwa, ga ɗan unguwa. Ya akhi, baiti Abu Abdullahi?

Mai shara ya ajiye tsintsiya, ya ciro wayarsa, ya nuna wa Alhaji fuskarta, alamar a turo masa taswira.

BAKANO: Shi ma sun lalata shi.

Daga nan ya zaɓi gida da kansa, bisa dalilin cewa dabinonsa sun fi na maƙwabta ƙiba, kuma dillalin dabino ba zai bar nasa su rame ba. Gidan ƙofa biyu gare shi, kamar yawancin gidajen unguwar, ɗaya ta baƙi maza wadda take kaiwa majalisi, wato ɗakin karɓar baƙi, ɗaya ta iyali. Alhaji ya nufi ta iyali, ya ƙyale maɓallin ƙararrawa da ke gefensa, ya buɗe murya ya rangaɗa sallama.

BAZAZZAGI: Alhaji, tsakaninka da mutanen gidan akwai katanga, da tsakar gida, da gilashi, da ƙugin na'urar sanyaya ɗaki. Danna wancan maɓallin, akwai kyamara a jikinsa.

BAKANO: Sallama sunna ce, maɓalli bidi'a. Sau uku ake yi, idan ba a amsa ba a juya.

Ya yi uku, ya juya. Ya yi uku a gida na gaba, ya juya. Sai da ya sallami gidaje bakwai, gumi ya jiƙa rigar tun daga wuya har gindin aska, mita kuwa tana ta aikinta, kafin aka kira la'asar. Nan take ƙofofin da suka ƙi amsa masa suka fara buɗewa, maza cikin fararen riguna suka nufi masallaci, wasu ma a mota duk da cewa tafiyar ba ta kai taku ɗari ba.

BAKANO: Ka gani ko? Na ce maka kusa da masallaci ne.

Ana sallame salla ya miƙe a tsakiyar sahu, ya tambaya da ƙarfi ko akwai Abu Abdullahi. Mutum huɗu suka waiwayo, har da liman. Alhaji ya ƙare musu kallo ɗaya bayan ɗaya, ya nuna wani dattijo mai farin gemu.

BAKANO: Ga shi nan. Habibi!

BAZAZZAGI: Alhaji, ka ce mini abokinka bai wuce shekara arba'in ba, kuma ƙaƙƙarfa ne.

BAKANO: Kasuwar dabino ce ta tsufar da shi. Ka san wahalar da ke cikinta?

Dattijon bai taɓa ganin Alhaji ba, tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, amma mutumin Najadu ba ya tambayar baƙo dalilin zuwansa a ƙofar masallaci. Ya kama hannunsa har majalisi, aka kawo turaren wuta, aka kawo dabino, ɗansa ya tsaya da butar gahawa a hannun hagu yana zubawa a ɗan ƙaramin finjali yana miƙawa da dama. Bazazzagi ya sha uku, ya girgiza finjalinsa, yaron ya karɓe.

BAZAZZAGI: Alhaji, idan ka ƙoshi girgiza finjalin ake yi. Muddin ka miƙa shi haka kawai, ƙara maka zai yi.

BAKANO: Ni za ka koya wa shan gahawa? Girgiza kofi aikin mai kyarma ne. Yaron nan ya ga girmana ne, shi ya sa yake ƙara mini.

Ya miƙa, aka ƙara. Ya miƙa, aka ƙara. A finjali na tara idanunsa sun buɗe tar, a na goma sha ɗaya ya fara ba dattijon labarin cinikin da suka yi a Madina, yana tuna masa ragowar kuɗin kwali hamsin na dabinon Sukkari, dattijon kuwa yana ta murmushi yana cewa hayyakallah, domin bai fahimci ko kalma ɗaya ba. Da batu ya kai ga kuɗi ne Bazazzagi ya ga abin zai zama shari'a, ya zare wayar Alhaji daga aljihun riga, ya kira Abu Abdullahi na gaskiya, ya miƙa wa mai gida. Suka yi magana, suka yi dariya, sannan direba, wanda ya biyo su ciki don kada kuɗinsa su shiga ta wata ƙofa su fita ta wata, ya fassara.

DIREBA: Ya ce gidan da kuke nema shi ne wanda yake bayan wannan katangar, bayansu ɗaya. Shekara shida suna maƙwabtaka, kowa da layinsa da masallacinsa, sai yau suka ji muryar juna.

BAKANO: Alhamdu lillahi. Malam, ka rubuta wannan. Ba taswira, ba waya, na kawo mu har jikin katangar gidan, sannan na haɗa zumuncin da Larabawa suka kasa haɗawa shekara shida.

BAZAZZAGI: Ka kawo mu ƙarfe huɗu da rabi, an gayyace mu ƙarfe ɗaya.

BAKANO: Babban mutum ba ya zuwa a kan lokaci. Direba, nawa ne kuɗinka?

DIREBA: Riyal 190, ya Hajji, kuma da sauran tafiya, domin sai mun fita babban titi mun zagayo kafin mu shiga layinsa.

BAKANO: Gidan da nake jin ƙamshin shinkafar kabsarsa daga nan? A kawo tsani.

Da ƙyar aka raba shi da maganar tsani. Suka zagaya, tafiyar minti goma sha biyu, suka tarar da Abu Abdullahi a ƙofar gida mai katanga fara, babu dabino ko ɗaya, domin ya sare su bara ya faɗaɗa gareji. Ya rungume Alhaji, ya kai su majalisi, ya ce shinkafar ta huce amma ana ɗumama ta, kafin nan a taɓa gahawa. Alhaji, wanda tun a mota yake matse ƙafafu yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, ya raɗa wa Bazazzagi cewa ya tambayar masa inda makewayi yake.

BAZAZZAGI: Ai ka san ƙasar ciki da bai, ranka ya daɗe. Direba, gaya wa mai gida cewa Alhaji ba ya girgiza finjali, a ci gaba da zuba masa.